Baba Bai Yarda da Oto Ba

Injiniya yana tsakiyar aske gemu matarsa ta leƙo banɗaki da waya a hannu.

"Baba ne. Wai netwok ɗin shago ya lalace."

"Ya mutu ne gaba ɗaya, ko jan ƙafa yake?"

"Ka tambaye shi da kanka mana. Cizo yake yi?"

Injiniya ya yi mata alama da reza cewa ta ce yana zuwa. Aikinsa ke nan, haɗa kwamfutocin ofisoshi da gyara su idan sun ƙi jin magana, kuma ba ya tsoron manaja ko darakta. Mutum ɗaya ne yake sa muryarsa ta sirance, shi ne mahaifin matarsa.

Baba ya yi shekara da shekaru yana koyar da tuƙin mota. Da gwiwa ta fara ba shi matsala sai ya buɗe shagon buga takardu a wani gini mai hawa ɗaya. A sama Dogo yake zaune, mai zana katuna da allunan talla a kwamfuta. A ƙasa kuma akwai babban injin bugawa da mai kula da shi, wani mutum mai ƙiba da kowa ke kira Mai Inji. Injiniya ne ya haɗa musu kayan tun farko. Ya sa suwic a sama, wato akwatin nan mai jerin ramuka da kwamfutoci ke cusa kebul, ya sa rauta, akwatin da ke kai saƙo inda aka tura shi, a ƙasa kusa da injin, sannan ya ja kebul ɗaya ta jikin bango ya haɗa su.

Da ya iso ƙofar shagon sai ya ga bokiti yana saukowa daga tagar sama da igiya. Mai Inji ya fito, ya sa hannu ya ciro ƙaramin falash na ɗaukar fayil, ya kuma ciro ɓawon ayaba ya yar.

"Mene ne wannan?" in ji Injiniya.

"Sabon netwok ke nan, ranka ya daɗe," in ji Mai Inji. "Ya fi naka sauri. Matsalarsa ɗaya, masu wucewa suna ɗauka kwandon shara ne."

Baba yana zaune a bayan teburinsa, tabarau a kan hanci. Injiniya ya rusuna ya gaishe shi, ya tambayi gwiwa, ya tambayi gida, ya sake tambayar gwiwa.

"Gwiwa ta fi netwok ɗinka lafiya," in ji Baba. "Ƙaramin saƙo yana wucewa. Amma Dogo ya turo hoton allo, sai mu sha shayi, mu wanke kofi, bai iso ba. Kuma saukowa fa yake yi daga bene. Da hawa yake yi sai in ce gajiya ce."

A sama Injiniya ya tarar an ɗauke suwic daga inda ya ajiye shi an ɗora a kan dogon kabad. Dogo ya ce umarnin Baba ne, domin fayil ya samu gangara sosai. An kuma kunna wata ƙaramar fanka tana hura masa iska. Wannan kuma shawarar Mai Inji ce.

Injiniya ya gwada kebul da na'urar gwaji, lafiya lau. Fitilu duk kore ne. Ya buɗe laftof ɗinsa ya shiga cikin rauta, ya duba ramin da kebul ɗin ya shiga, sai ya ga lissafin karo, wato yawan saƙonnin da suka yi karo da juna a hanya, yana ta hauhawa. Ya shiga suwic, can kuma saƙonni ne ke isowa a guntule. Ya duba saitin ramin, nan take ya gane.

"Dogo, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ban san ma ana shiga cikinsa ba."

"To, ka ga, kowane rami yana da saiti biyu. Akwai gudu, akwai kuma abin da muke kira dufles. Idan cikakke ne, aikawa da karɓa suna tafiya lokaci guda. Idan rabi ne, sai ɗaya ya gama ɗaya ya fara. In ka bar su a oto, na'urorin biyu su suke daidaitawa tsakaninsu. Amma wani ya cire na suwic daga oto, ya sa gudu ɗari, cikakke, da hannu. Shi rauta yana nan a oto, ya nemi a yi shawara, ba a amsa masa ba. Gudun ya gane shi, dufles ɗin ne bai gane ba, sai ya ɗauka rabi ne. Yanzu wannan yana zubo kaya ba tsayawa, wancan yana ganin karo yana ja da baya."

Dogo ya gyaɗa kai a hankali. "Wato ba ruwan fanka."

"Ba ruwan fanka."

Injiniya ya mayar da ramin oto. Dogo ya tura hoton wani katafaren allo na shagon takalma, kafin ya juya kujera Mai Inji ya ƙwalo daga ƙasa cewa ya iso. Injiniya ya gaya wa Baba cewa ɗan saiti ne ya goce, Baba ya ce madalla, ya kuma ƙara da cewa gangarar ma ta taimaka.

Ba a rufa mako ba waya ta sake ƙara. Bokiti ya koma aiki.

Injiniya ya zo ya tarar da ramin a gudu ɗari, cikakke, da hannu, kamar bai taɓa zuwa ba. Ya zargi kansa. Wataƙila ya manta bai adana saitin ba, wuta ta ɗauke, suwic ya koma gidan jiya. Ya gyara, ya adana, ya zare wutar da kansa ya mayar, saitin ya zauna daram. Don ya ƙara tabbata, ya cire kebul ɗin ya sa a wani ramin daban.

Bayan kwana kaɗan sabon ramin ma ya kamu da ciwon.

A gida ya daina cin abinci da daɗi. Ya karanta littafin suwic ɗin tun daga bango har bango. Ya kira wani abokin aikinsa, abokin ya ce ko dai aljani ne ko ma'aikaci, kuma a nasa sanin ma'aikaci ya fi yawa. Don haka da ya koma shagon ya ja Dogo gefe.

"Tsakanina da kai, ba zan gaya wa kowa ba. Kai ne?"

Dogo ya kusa yin kuka. "Haba Injiniya! Kai ma? Baba ya bi ya tsare ni da ido, jiya har kujerata ya sa aka juya don ya riƙa ganin hannuna daga matakala. Ni hannuna ya yi kanta saboda jan igiya, me zan samu in na ɓata?"

Injiniya ya ba shi haƙuri. Da rana ta take, Dogo da Mai Inji suka fita cin abinci, shi kuma ya ce bari ya bi kebul ɗin taku-taku ko akwai abin da ya tsere masa. Ya matsa kabad ɗin kaɗan, ya kutsa bayansa da tocila a baki. Wurin ya matse, ga ƙura, ga tsofaffin kwalaye. Ya shiga lafiya, amma da ya so juyowa bel ɗinsa ya maƙale a wani ƙusa.

Yana cikin kokawa da ƙusan ya ji taku a matakala, ana hawowa a hankali, ana nishi a kowace taka. Baba ne. Injiniya ya yi niyyar yin magana, sai ya tuna yadda yake, rabin jiki a bayan kabad, tocila a baki, yanar gizo-gizo a ka. Ya ce bari ya kuɓuta tukuna.

Baba ya ja kujerar Dogo ya zauna. Aka ji ƙarar madannai, ɗaya bayan ɗaya, da yatsa guda. Sai ya fara magana da irin muryar da yake yi wa 'yan koyon tuƙi.

"A'a! Ka sake komawa oto ko? Raggon banza. Ni ina gyara ka, wani yana lalata ka. Oto ai na masu tsoron sa giyar mota ne. Tsaya nan. Gudu, ɗari. Yauwa. Cikakke ko rabi? Ji wata tambaya. Wa zai ga cikakke ya ɗauki rabi?"

Tocilar ta kusa faɗowa daga bakin Injiniya. Shi da kansa ya ba Baba kalmar sirri ranar da ya haɗa kayan, da hannu biyu ma, saboda girmamawa.

Sai ƙura ta shiga hancinsa. Ya danne, ya rufe ido, ya cije tocila. Atishawar da ta fito ta girgiza kabad ɗin, fankar da ke sama ta faɗo ƙasa tana juyi.

Baba ya miƙe da saurin da gwiwarsa ta manta da shi, ya rarumi lema a bayan ƙofa. "Wane ne nan? Fito! Na kama ka yau!"

"Ni ne, Baba."

"Kai wa?"

"Mijin 'yarka, Baba. Barka da rana."

Baba ya leƙa. Ya daɗe yana kallon ƙafafun da suka fito daga bayan kabad. Daga baya ya sa ƙugiyar lemar ya zare bel ɗin daga ƙusa, Injiniya ya fito da baya-baya, ya tsaya yana kakkaɓe riga, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Me kake yi a can?"

"Ina neman wanda yake canza saitin ne, Baba."

"Ni ma shi nake nema! Kullum na cire shi daga oto, in dawo in tarar an mayar."

Suka tsaya suna kallon juna. Fanka tana ta juyi a ƙasa.

"Au," in ji Baba. "Ashe kai ne."

"Ni ne, Baba."

"Ka yi karatun nan duka, ka ƙare a oto? Yaro, na koya wa mutane tuƙi tun kafin a haifi matarka. Duk wanda ya fara da oto, ran da ya gamu da tudu sai ka ji labari. Na'ura ba ta yanke wa kanta hukunci a shagona."

Injiniya ya nemi izini ya sauka waje, ya kira matarsa, ya zayyana mata komai cikin raɗa. Ta yi dariya har sai da ta ajiye wayar ta sake ɗauka.

"Zan canza kalmar sirrin kawai," in ji shi.

"Ka kulle Baba daga na'urarsa, a shagonsa? To ka fara neman inda za ka riƙa kwana."

"In gaya masa shi ne ya ɓata?"

"Mama ta fi ka baki, ba ta taɓa yin nasara ba. Dole ne sai oto ɗin nan?"

Injiniya ya sake duba lamarin a ransa. Gaskiya ba dole ba ne. Abin da ake so kawai ɓangarorin biyu su zama iri ɗaya.

Ya koma ya samu Baba ya sauko ƙasa yana shafa gwiwa. Dogo da Mai Inji sun dawo.

"Baba, na sake dubawa. Saitin da ka yi a sama ba shi da laifi. Matsalar ita ce na ƙasa har yanzu yana oto, shi ya sa ba sa jituwa."

Baba ya cire tabarau. "Wato akwai wani oto ɗin a nan ƙasa? Kusa da teburina?"

"Ga shi nan, Baba."

"Duk kwanakin nan?"

Ya kalli rauta kamar wanda ya gano ɓera a cikin aljihun tebur. Injiniya ya ajiye masa laftof, ya buɗe shafin, ya nuna ramin. Baba ya gyara zama, ya ɗaga yatsansa guda, ya zaɓi gudu ɗari, ya zaɓi cikakke. Injiniya ya nuna masa inda ake adanawa, ya roƙe shi cewa duk ranar da zai taɓa ɗaya, ya taɓa ɗayan ma.

"Wannan ai ko ɗan koyo ya sani," in ji Baba. "Ba a sa wa mota taya manya a dama, ƙanana a hagu."

Dogo ya ruga sama ya turo fayil mafi nauyi da yake da shi. Ya iso kafin Mai Inji ya gama hamma. Injiniya ya duba lissafin karo, ya ga lissafin ya tsaya cik.

"Kun gani?" in ji Baba. "Tun farko na ce oto ce matsalar." Ya ɗaga murya zuwa sama. "Dogo! Ka mayar da kujerarka yadda take. Ba kai ba ne, surukina ne. Amma ya gane kuskurensa, kada wanda ya ƙara tayar da maganar."

"Na gode, Baba," in ji Injiniya.

Yana naɗe wayoyinsa mai kantin magani na maƙwabta ya shigo karɓar takardun da aka buga masa. Baba ya tare shi da tambaya, ko na'urorin kantinsa a oto suke. Mutumin ya ce bai sani ba, amma dai komai yana aiki lafiya.

"Haka kake gani," in ji Baba. "Mu je in duba maka." Ya miƙe, ya gyara hula, ya waiwayi Injiniya. "Ɗauko jakar ka biyo ni. Ka tsaya kusa, ka lura da kyau, ba kullum zan riƙa nuna maka ba."

Injiniya ya rataya jaka a kafaɗa ya bi bayansu, yana addu'a a zuci Allah ya sa mai kantin ya manta kalmar sirrinsa.