Wanda Ya Shigo Ƙarshe

Riga biyu, takalmin sanyi, cakulan na yara, da takarda mai shafi goma sha ɗaya daga ma'aikatar masana'antu. Abin da ke kujerar baya ke nan lokacin da na tsallake gadar garinmu a motar haya.

Baba yana tsaye a ƙofar gida. Bai dubi fuskata ba, tambarin motar ya duba. A garinmu, inda ake ƙera motoci, ba a ajiye motar wani kamfani daban a gaban gidan ma'aikaci, balle gidan babana Bertil, shugaban ƙungiyar ƙwadago. Shekara takwas na karatu a Kanada sun mantar da ni. Ya ce in kai ta bayan coci in dawo da ƙafa. Na kai.

Ƙanwata Tove ta riga ni zuwa, da kayan aiki a jikinta. Ta zuba kofi, ta yanka burodi da cuku.

"Ga mutumin gwamnati," ta ce. "Alvar, ceto ka zo yi ko jana'iza?"

Na ajiye takardar a tebur, na maimaita musu abin da suka riga suka sani. Gwamnati za ta tallafa wa kamfanin motar don kada ya rufe, amma sai an sallami mutum ɗari shida. Dokar ƙungiya tsohuwa ce: wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita. Tove shekararta uku kacal a sashen batir. Kamfani yana so a jingine dokar, ya riƙe matasan da suka iya motar lantarki, ya sallami tsofaffin sashen inji. Hakan ba ya yiwuwa sai da sa hannun Baba.

Na ce masa idan aka kori matasan, tallafin zai ƙare cikin shekara biyar, a rufe wurin gaba ɗaya. Na ce kuɗin masu biyan haraji ne, ba sadaka ba. Ya tambaye ni ko a Kanada an koya mini cewa maƙwabcinmu Sixten ba ya biyan haraji. Shekara arba'in yana ɗaura inji, yanzu yana da hamsin da tara, kafaɗarsa ɗaya ba ta ɗaguwa. Wa zai ɗauke shi aiki? Baba ya ce kafin dokar nan, mai kula da layin aiki yana iya korar mutum don ya cika tari.

"Ranar da muka bar su suka zaɓa, ba za su daina zaɓa ba."

Na ce yaran Tove biyu ne. Ya ce ya san yawansu, shi ke ɗauko su daga makaranta.

Tove ta ce kada in sa 'ya'yanta cikin lissafina. Ta ce in Baba ya sa hannu, gari duka zai ce ya sayar da abokansa don 'yarsa, ita kuma kullum ta shiga ɗakin cin abinci na kamfani a juya mata baya. Na ɗauka ta gama. Ta ɗan jujjuya kofin a hannunta.

"Amma ina so ka sa hannun, Baba. Gara ka ji daga bakina."

Baba ya daɗe yana kallon ɓawon burodin da ke gabansa. Ta taga ana hango Sixten yana share ganye a farfajiyarsa da hannu ɗaya. Agogo ya kusa ƙarfe huɗu, lokacin taron ƙungiya.

Baba ya tashi ya sa kwat, maɓalli ɗaya ya ƙi shiga. Tove ta miƙe ta sa masa. Ya bar ta ta gama.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Dokar tana nan. Sunanki zai fito a jerin waɗanda za a sallama, kuma ni zan karanta shi."

Ya ja ƙofar a hankali har ta rufu.