Bakin Kaka Tomie

Tun mijinta na raye Kaka Tomie take zuwa kallon wasan ƙwallon besbol a tsohon filin garinsu na bakin teku. Bencin katako ne, bayan gida kuma sai wanda ya matsu. 'Yan kallo ba su da yawa, don ƙungiyar Kaguwa talaka ce, 'yan wasanta ma da safe a kasuwar kifi suke aiki. Amma ragar waya ce kawai tsakaninta da Hamaguchi, mai jifan ƙwallo na ƙungiyar, kuma ba ta raga masa.

"Kai, wannan jifa ne ko miƙa wa surukarka shayi kake?"

Shi kuwa sai ya taɓa hularsa, ya ƙara wa hannu ƙarfi.

Da guguwar bana ta yaye rufin filin, aka ba ƙungiyar aron sabon filin birni. Kaka ta hau jirgin ƙasa tana mita, da ƙunshin dunƙulen shinkafarta a cinya. Ta tarar da abin da ba ta zata ba: samari da 'yan mata, mata da goyo, mutanen da ko sunan mai horarwa ba su sani ba, duk sun cika wuri saboda inuwa da tsabta. Kujerar mai jingina ta yi wa bayanta daɗi, abin ya ƙara ba ta haushi. Ta yi ta ɗaga murya, amma nisa ya cinye ta. Ranar Hamaguchi ya sha kashi.

Bayan wasa ya same ta a bakin ƙofa, yana sharce gumi.

"Kaka, fushi kike da ni? Yau ko zagi ɗaya ban samu ba."

"Na zage ka har maƙogwarona ya bushe. Kunnenka ne ya lalace kamar hannunka."

'Yan matan da suka zauna kusa da ita suka fashe da dariya. Ɗayarsu, Chinatsu, ta ce, "Kaka, ki riƙa faɗa mana, mu za mu isar masa."

Mako na gaba Kaka na raɗawa, layi guda na amsawa da murya ɗaya. Kaguwa ta sake faɗuwa, amma da ƙyar. A jirgin komawa Chinatsu ta tambaye ta ko tsohon filin yana da nisa daga tasha, don tana son zuwa idan an gyara shi.

"Ba nisa," in ji Kaka. "Sai dai ki zo da matashin zama, kuma kar ki sha ruwa da yawa."