Tayar Gefen Bango

Garejin bai fi faɗin mota ɗaya da rabi ba. In an shigo da mota sai an matsa da ita jikin bangon hagu, sannan mutum ya sami hanyar wucewa da akwatin sufanu. A nan Yaya da ƙaninsa Dogo suka yi shekara ashirin da uku suna kanikanci, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun farko suka raba aikin taya biyu ba tare da sun taɓa zama sun yi shawara ba.

Yaya siriri ne, shi ne mai hannu. Shi ke cire taya, ya gyara abin gyara, ya mayar da ita, ya murɗa notuna da yatsu har su zauna. Dogo kuwa ƙato ne, shi ne mai nauyi. Shi ke sauke jak, in taya ta taka ƙasa ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun sufana, ya bi notunan yana tsallake na kusa, ya taka da ƙafa har noti ya yi ƙara. Yaya kan ce wa masu mota, "Ni nake ɗaurawa, wannan ƙaton ke tamkewa. Ai ba a banza yake cin kwano biyu ba."

Sai dai tsakanin mota da bango wurin Yaya ne kawai. Shi yana iya tsugunawa a wannan ɗan lungu ya yi aiki, Dogo ko cikinsa ba ya shiga. Saboda haka tayar gefen bango ba a tamke ta sai an fito da mota bakin ƙofa. Haka suke yi kullum, kuma Yaya bai taɓa tambayarsa ko ya gama ba. Me zai tambaya?

Ranar wata Talata motar 'yar Yaya ce a ciki. Ita kaɗai Allah ya ba shi. Nas ce a wani asibiti da ke can wajen gari, amma tun tana makaranta Dogo ke kiran ta Likita, har sunan ya bi ta. Tsohuwar mota ce ƙarama, birkinta na gaba ya fara kuka. Yaya ya cire tayoyin gaba biyu ya gyara birkin. A gefen bango ya ga kusoshi biyu cikin biyar da ke riƙe wili sun cinye, ya aika a nemo sababbi ba a samu ba, sai ya ciro biyu daga jikin wata matacciyar mota da ke bayan gareji, ya duba su da kyau, ya sa.

Dogo ya sauke jak, ya tamke tayar dama. Yana tsaye da bututu a hannu yana jiran Yaya ya fito da motar, sai ga Likita da farar riga da jaka a kafaɗa.

"Baffa, waɗannan ƙafafunka ne ko ka aro na giwa?"

"Ke Likita, gaisuwar kenan?"

"Na gaishe ka. Sun kumbura fa. Ka sha maganin da na ba ka?"

"Na sha."

"Yaushe?"

"Ranar da kika ba ni."

Ta kama baki. "Wata guda kenan! Zauna nan." Ta karɓe bututun daga hannunsa ta jingine a bayan ƙofa, ta tura shi kan benci, ta ciro abin awon jini ta naɗe masa dantse. "Kar ka motsa, kar ka yi magana. Na san na biyun zai fi ba ka wahala."

Yana zaune abin yana matse masa hannu Yaya ya tada motar, ya fito da ita bakin ƙofa, ya bar makulli a jiki, ya zaga baya wanke hannu. Ita kuwa ta dubi lambar ta girgiza kai, ta yi masa faɗan gishiri, ta ce za ta kai ƙararsa wurin matarsa. Ya ce ai bakinsu ɗaya. Suka yi dariya. Sai ta dubi agogo ta zabura.

"Wayyo, na makara! Baba, na tafi!"

Yaya ya leƙo da kumfa a hannu ya ce ta bi a hankali. Dogo da kansa ya rufe mata ƙofar mota, ya tsaya yana ɗaga mata hannu har ta sha kwana.

An kusa awa guda kafin ya nemi bututun don wata motar. Bai gan shi a inda yake ajiye shi ba. Ya waiga, ya hango shi jingine a bayan ƙofa, sai a lokacin ya tuna da tayar gefen bango. Ya zaro waya ya kira Likita. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya ce a ransa ai ba ta ɗaukar waya in tana tuƙi, shi ma ya koya mata haka. Ya sake kira. A kira na huɗu aka ɗauka, muryar wani namiji ce da bai sani ba, da hayaniyar mutane a bayansa.

"Kai wane ne nata?"

Tayar gaba ta hagu ce ta fita a kan babban titi. Motar ta kifa sau biyu ta daki gindin gada. Kafin a kai ta asibitin da take aiki rai ya yi halinsa. Abokan aikinta da ke jiran ta karɓe su, su suka karɓe ta.

Direban da ya fara tsayawa a wurin ya zo gaisuwa, ya faɗi abin da ya gani da zuciya ɗaya: kusoshin wili ne suka kakkarye. Dogo na kusa da Yaya lokacin. Ya ga yadda fuskar yayansa ta sauya, ya ji ya ce a hankali, "Tsofaffi na sa mata." Dogo ya buɗe baki. Ɗakin cike yake da mutane, matar Yaya na kuka a ciki. Ya ce bari a watse tukuna. Aka watse, bai faɗa ba.

Shi ya je ya jawo motar, don Yaya ya ce ko hotonta ba ya son gani. Ita kuwa tayar, wani mai gona ne ya tsince ta can nesa ya gangaro masa da ita. Dogo ya tsuguna ya duba wilin. Duk bakanike ya san wannan karatun. In kusa ce ta karye haka kawai, ramukan wili suna nan a zagayensu. In noti ne bai tamku ba, taya ta yi ta rawa tana cin ƙarfe, ramukan su buɗe su yi tsawo kamar ƙwai, bakinsu ya yi sheƙi. Ramuka biyar ɗin nan duka sun zama ƙwai. Kusoshin ba su da laifi, tsofaffin da sababbin duk tare aka tauna su har suka gaji.

Ya kai wilin gareji, ya tura shi ƙarƙashin benci, ya rufe da tsohon tamfol.

Yaya bai ƙara zuwa gareji ba. Ya shige ɗakinsa ya zauna a kan tabarma, ya juya wa taga baya. Da ma ba jiki gare shi ba, sai ya koma kamar sanda an rataya mata riga. A kawo abinci ya ce an gode, a dawo a tarar da shi yadda aka ajiye. Kullum da safe Dogo zai biya kafin ya buɗe gareji, ya zauna a bakin ƙofa, ya ba shi labarin motocin da aka kawo. Kullum da maganar a bakinsa yake shiga, kullum da ita yake fitowa. Yayan nan shi ya goya shi, shi ya koya masa riƙe sufana, shi ya tsaya masa har ya yi iyali. In ya faɗa, wa ya rage masa?

A gareji kuwa ya zama abin kallo. Sai ya tamke taya, mai mota ya tada inji, ya bi shi da gudu ya tsayar da shi ya sake bin notunan. Wani mai tasi ya ce, "Dogo, so kake ka haɗa ta da walda ne?" Bai yi dariya ba.

Wata biyu ana haka. Wata safiya matar Yaya ta tare shi a tsakar gida, idanunta sun faɗa.

"Dogo, ka yi masa magana, kai yake ji. Jiya a banɗaki ya faɗi. Na rasa ɗaya, kar ku bar ni in rasa biyu."

Ya shiga. Ya ce, "Yaya, ka ci wani abu mana. Abin nan ƙaddara ce."

"Na sani."

"To ka sassauta wa kanka."

Yaya ya juyo ya dube shi, karo na farko cikin kwanaki. "Kai ne za ka yafe min, Dogo. Na ɓata maka sunan gareji. Kai ka yi naka, na sani. Shekara nawa, ko sau ɗaya ba ka taɓa fashi ba. Ni ne na ɗauki kusar matacciyar mota na sa wa 'yata da hannuna." Ya ɗaga hannun yana kallo. "In na ɗebo abinci da shi sai in ji warin tsatsa."

Dogo ya tashi ba sallama. Ya tafi gareji da sauri har yana tuntuɓe, ya yaye tamfol, ya jawo wilin, ya saɓa a kafaɗa. Mai shagon kusa ya ce, "Ina zuwa da kaya da sassafe haka?" Ya wuce abinsa. Hanyar ba ta da nisa, amma sau biyu yana tsayawa. A na biyun har ya juya, ya yi taku uku, ya sake juyowa.

Ya shiga ɗakin da takalminsa, ya dire wilin a kan tabarma gaban yayansa, ya durƙusa.

"Mene ne wannan?"

"Nata ne."

Yaya ya kau da kai. "Fitar min da shi."

"Ka duba ramukan, Yaya. Don Allah ka duba."

Sannan hannun Yaya ya miƙo, ba tare da idon ya biyo shi ba. Yatsa ya shiga rami na farko ya zagaya. Ya tsaya. Ya koma na biyu. Sai Yaya ya juyo gaba ɗaya, ya jawo wilin kusa da hasken ƙofa, ya bi ramukan biyar ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba motar baƙo.

"Ba a tamke ba," ya ce.

"Ban tamke ba. Ta gefen bango ce. Ina jira ka fito da motar, ta zaunar da ni tana auna min jini, ka fito da ita, na manta. Na manta, Yaya. Ni na rufe mata ƙofa."

Hawayen Yaya na zuba a kan ƙarfen. Dogo ya sunkuyar da kai yana jiran mari, yana ma roƙon a mare shi.

"Yaushe ka sani?"

"Tun ranar."

"Tun ranar." Yaya ya maimaita a hankali. "Mantuwa, kowa na yi. Da a ranar ka faɗa min, wallahi da mun rungume juna mun yi kuka, don ni ma ban tambaye ka ba. Amma wata biyu, Dogo? Kullum kana zaune a ƙofar nan kana kallo na, kana ba ni labarin motoci?"

"Tsoro na ji. Na ji tsoron in rasa ka."

Yaya ya ture wilin gefe, ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Dogo ya kai hannu zai riƙe shi, ya janye kafaɗarsa. Ya taka zuwa bakin ƙofa ya kira matarsa, ya ce ta ɗumama masa ko me ke akwai. Daga tsakar gida aka ji faɗuwar murfin tukunya, da muryarta tana godiya ga Allah cikin kuka.

Sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Garejin ka riƙe, na bar maka. Akwatin sufanuna kawai za ka aiko min, zan nemi wani wurin. Ka aiko, kar ka kawo."

"Yaya..."

"Ka gaida yara."

Dogo ya fito. A tsakar gida matar Yaya ta tare shi da kwano a hannu, fuskarta jiƙe, ta ce, "Me ka gaya masa? Allah ya yi maka albarka, Dogo. Allah ya bar zumunci. Zauna ku ci tare mana."

Ya ce ya bar gareji a buɗe.