Ɗigon da Ya Ɓace a Kwanar Bene

"Umma, ina na tafi?"

Auta ce ta tambaya, yatsarta manne da fuskar kwamfutata, duk ta shafa mata maiƙo. Aikina ke nan, in rubuta wa kwamfuta umarni ta ƙirƙiro mutanen ƙarya, kowane ɗigo mutum guda da saurinsa da tsoronsa, mu ga yadda za su fice daga gini idan gobara ta tashi. Ni ke tsara halin ɗige-ɗigen, Dogo abokin aikina ke sa su motsi a bidiyo. Wannan karon ginin sabon benen makarantar su Auta ne, kuma ajinsu na can sama, a ƙurya.

"Ai ga ki nan kina ɓata min allo," na ce.

"A'a, ɗigona. Na zaɓi ɗan shuɗin nan, ni ce. Ya zo kwana sai babu shi."

Na maido bidiyon baya. Ƙararrawa ta kaɗa, ɗige-ɗige suka kwararo daga azuzuwa kamar tururuwa. Na kafa wa ɗan shuɗin ido. Ya iso kwanar matakala, manya suka matse shi, ya tsaya, ya dushe. Wani ya bi bayansa, sannan wani. A ƙarshe bene ya yi fes, wai kowa ya fita.

Na buɗe umarnin da Dogo ya rubuta, har na tarar da layin: duk ɗigon da ya daɗe bai motsa ba, a daina zana shi. Na goge layin, na sake kunnawa. Kwanar ta cika ta tumbatsa, ƙanana a ƙarƙashin manya, babu gaba babu baya. Na rufe wa Auta ido da tafin hannuna, alhali ita dariya take yi.

Na kira shi a waya. "Dogo, wa ya ce ka share waɗanda suka maƙale?"

"Haba, uwar Auta, kowa haka yake yi. Idan suka cunkushe hoton muni yake yi, oga kuma ba ya son ƙazanta."

"Ƙazantar nan 'yata ce."

"Ɗigo ne fa, baiwar Allah!"

"Saboda bidiyon nan aka fasa gina matakala ta biyu. Ka manta?"

Na ajiye wayar.

Washegari na ɗauki kwamfutar na tafi makarantar. Na hau benen da ƙafata, na tsaya a kwanar, na miƙa hannuwa, yatsuna suka taɓa bango biyu. Shugabar makaranta ta kalli sabon bidiyon, ta dafe ƙirji, ta ce a sauko da ƙananan azuzuwa ƙasa kafin a san abin yi. Amma manyan yara na can sama har yau, kuma duk sanda na ji jiniya a titi sai kwanar nan ta faɗo min a rai.

Ke da kike karanta wannan, idan aka nuna miki ɗige-ɗige suna fita lafiya lau daga ginin da ɗanki yake kwana ko karatu, kada ki tafa. Ki zaɓi ƙarami guda, ki ɗora masa yatsa, kada ki ɗaga sai kin ga ya fita ƙofa.