Allurar Ƙarfi

Kafin azahar magana ta gama unguwar Uwani: wai Edith, 'yar Kafanchan mai tuwo a bakin kasuwar Kenyatta, guba take zuba wa 'yan dako. Uku sun faɗi sun mutu cikin wata biyu, na ƙarshensu Hafizu, ko ashirin bai cika ba. Samari sun rantse gobe ana sallame Juma'a za su cinna wa rumfarta wuta.

Dakta Yelwa ba ta sayen zance a hannun "an ce". Shekara talatin ta yi a jami'a tana leƙen tsokar kwaɗo a madubin ƙara girman abu, tana bin yadda sinadarin kalsiyam ke sa tsoka ta damƙe, in ya janye ta saki. Ta dogara sandarta har bencin Edith, ta cinye malmala biyu kowa na kallo.

"Hajiya, kin gaji da duniya ne?" in ji wani mai okada.

"In na kai la'asar fa, ɗan nan?"

*

Ta kai la'asar. Ta nufi gidan Malam Idrisu, wanda ya wanke gawarwakin.

"Hajiya, abin da mai wanka ya gani amana ne."

"Ran baiwar Allahn nan ma amana ne, Malam."

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya taɓa lanƙwasar hannunsa. "Nan. Su ukun duka. Shaidar allura."

*

Da safe ta tarar da layin 'yan dako a shagon maganin Musaddiq, ɗan ƙaninta, kowa ya naɗe hannun riga. Ta ɗauki fankon kwalba a kwali, ta karanta.

"Allurar ƙarfi ce, Gwaggo. Ke da bakinki kika ce kalsiyam ke motsa tsoka. Mutum ya yi dakon buhu arba'in, ai sai da taimako."

"A jijiya kake ɗura musu? Lokaci guda?"

"Layin da tsawo, Gwaggo."

Ta tuna ranar da ta ɗora shi a cinya, tana nuna masa ƙafar kwaɗo na harbawa, yana ta ƙyalƙyala dariya.

*

Ana sallame Juma'a samarin suka gan ta a ƙofar masallaci, rungume da kwalin. Wasu har sun riƙo jarkar fetur.

"Tuwon Edith lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Zuciya ma tsoka ce. In aka ɗura mata kalsiyam lokaci guda, damƙewa take yi, ba ta saki. Ɗan ƙanina ne ya yi musu allurar."