Gashin Hancin Maharazu

Shekara biyu Maharazu yana numfashi da baki, tun ranar da san huɗarsa ya kai masa ƙaho a gonar auduga, can bayan Kafur. Hancin ya lotsa ciki, ƙofofinsa suka toshe. Kunya uku zai yi ya tsaya yana haki, shi da a da yake wuni bayan garma. Manomin da ba ya iya jan iska kuwa, yunwa ce kawai ke jiransa.

Bayan kakar 1983 aka yi masa aiki a wani asibiti. Likitan bai yanke komai ya yar ba. Ta cikin ƙofar hancin ya bi, ya ɗago ƙashin da ya faɗa, ya tokare shi da ɗan guringuntsin da ya rage. Nas Nwamaka, wadda aka haifa a Funtuwa, Hausa a bakinta kamar ruwa, ita ta yi masa kashedi.

"Malam Maharazu, naka na asali aka tayar, babu wani a ajiye. In ya sake faɗawa, shi ke nan. Kwana arba'in kada hannu ya taɓa shi, ko naka."

Da aka cire audugar da aka cusa masa ya ja iska ta hanci, har warin maganin asibiti daɗi ya yi masa. Sai da ya yi hawaye.

Ya koma gida da fuska a kumbure. Mahaifiyarsa Tsohuwa ita ce ungozomar ƙauyen, kuma duk mai dogon hanci a nan ita ta ja masa shi da tsumma mai zafi yana jariri. Maharazu kaɗai hannunta bai taɓa ba. Ɗan fari ne. Kakarsa ta raine shi, ita kuwa shekara arba'in ko sunansa ba ta kama ba, in ya shigo ma kau da kai take yi.

Ran kwana na uku da hantsi sai ga ta da ƙwarya tana tururi. Ta durƙusa gabansa, idonta a ƙasa.

"Wane irin likita ne zai bar kumburi ba gashi? Ɗago."

Maganar nas tana bakinsa, ya ma buɗe shi. Amma tafin hannunta ya riga ya tallafo masa ƙeya, kuma bai taɓa sanin haka hannunta yake da taushi ba. Ya ɗago fuskar.

Ta matse tsumman, ta ɗora, ta danna da babban yatsa, ta ja ƙasa yadda ta saba. Ya ji wani abu ya ce ƙas a can ciki. Ɓangaren dama ya toshe nan take, na hagu ya rage 'yar kafa.

"Da zafi?" ta tambaya a hankali. Ran nan ta fara duban ƙwayar idonsa.

"Babu, Inna."

"To gobe ma zan zo, mu ƙarasa ɗayan gefen."

Maharazu ya ce, "Allah ya kai mu."