Bobai da Kujerar Baya

Tun da Bobai ya yi ritaya daga gyaran bas a Manchester, duk Asabar sai ya bar unguwarsu ta Gorton ya nufi wata rumfar jirage a bayan garin Birmingham. A can shi da wasu tsofaffin Turawa suka yi shekara da shekaru suna fama da wani jirgin yaƙi, Spitfire, da aka tono a gona, rabinsa tsatsa rabinsa laka. Aikin Bobai jikin jirgin ne: ya yanka farantin ƙarfe, ya lanƙwasa, ya buga ƙusa.

Abin da bai taɓa faɗa musu ba shi ne yana tsoron hawa jirgi. Tun wanda ya kawo shi Ingila bai sake taka wani ba.

Da aiki ya kammala, matuƙi ya gwada jirgin ya sauko lafiya, sai ƙungiyar ta yanke cewa Bobai ne zai fara zama a kujerar bayan da suka ƙara. Aka tafa masa. Ya yi godiya.

Sai Allah ya kawo sauƙi. Ashe akwai iyakar nauyi, kuma Bobai ya wuce ta da tumbi guda. Ya koma gida ya ba matarsa Alice labari, yana ta ƙoƙarin ɓata fuska.

"Ba komai, Maman Murna. Ba rabona ba ne."

"Tumbin da shi aka haife ka?" in ji ta. "Daga gobe diet."

Tuwo ya ɓace a gidan, ganye ya maye gurbinsa. Bobai bai yi musu ba. Sai dai duk Asabar yakan biya ta unguwar Balsall Heath a Birmingham wajen abokinsa Dakta Rabe, inda Suwaiba matar gidan ke cika masa faranti da masa da miyar taushe. Haka aka yi ta tafiya har ranar da Alice ta buga wa Suwaiba waya. Asabar ta gaba aka ajiye musu latas da kokwamba.

"Ni ma abin da aka ba ni ke nan," in ji Rabe, "kuma ban yi wa kowa laifi ba."

Ranar awo, sikeli ya ci amanarsa, ya nuna nauyinsa bai kai iyakar ba.

Ranar tashi, Alice ta zo filin jirgin da bas cike da zumuntar matan cocinsu, duk cikin anko. Aka ɗaure Bobai a kujera, ya rufe ido, ya kama Zabura. Jirgi ya tashi. Yana tsakiyar addu'a ya ji wani ƙas-ƙas-ƙas daga gefen hagunsa. Ya buɗe ido ɗaya. Ya kasa kunne, ya shiga laluben ƙarfen da yatsa.

Matuƙin ya ce masa ya leƙa, ga Birmingham can a ƙasa.

"Later," in ji Bobai.

Da suka sauka mata suka rangaɗa guɗa. Alice ta rugo ta riƙe hannunsa.

"Baban Murna, yaya sama? Me ka gani?"

"Akwai ƙusar da ba ta zauna ba."

Ya nemi guduma da tocila, ya koma cikin jirgin da kai, ƙafafu a waje. Matan suka jira har iska ta fara kwance musu ɗankwali. Da suka gaji, suka jeru a gindin fiffike aka ɗauki hoton da ƙafafunsa.